Kujerar Jikin Bango

Maganin ɗiga ido muka fita saye ran nan, ba kallo ba. Kwalbar matata ta ƙare tun safe, mai kemis ɗin layinmu kuma ya ce sai dai babban shagon da ke kusa da tashar mota. Ruwan sama ya ɗauke bayan la'asar. Na ɗauki lema, ta ɗauki sandarta, ta riƙe gwiwar hannuna kamar kullum, muka kama hanya.

Idanunta sun daɗe da tafiya. A hankali suka tafi, daga gefe zuwa tsakiya, likita ya ce irin wanda ba ya dawowa ne. Maganin da nake ɗiga mata na rage zafi ne kawai. Jikarmu ta fari bayan makantar aka haife ta, da tafin hannu kakarta ta san fuskarta.

Amma ba mu bar zuwa silima ba. Tun muna sabon aure ni ke karanta mata rubutun ƙasan allo, ina raɗa mata a kunnen dama, saboda yana wucewa kafin ta kai ƙarshen layi. Da idanun suka tafi sai aikin ya ƙaru. Na koma faɗa mata har da hoton: wane ne ya shigo, me ke hannunsa, ina ya kalla. Kujerunmu sanannu ne a ƙaramin silimar da ke bayan tasha. Ita a ta jikin bango, ni a damanta. Haka kunnenta na hagu yana wajen bango, babu mai damun ta, na dama kuma nawa ne.

A makarantar mishan na fara ganin fim, a jikin zanen gado da Fada, limamin cocin, ya ɗaure tsakanin bishiyoyi biyu. A can kuma aka koya mini neman kuskure. Malamarmu takan ɗaga takardarka wajen hasken taga tana neman ɗigon tawada, in ta samu ka sake daga farko. Na girma na yi aikin gyaran rubutu a maɗaba'a har na yi ritaya. Ido ya saba. Ban taɓa kallon fim na fito ban ga aibinsa ba, shi ya sa matata take ce mini Alƙali. Ni kuma Tsohuwa nake ce mata, tun kafin ta yi furfura.

"Alƙali," ta ce muna tsallake kwata, "ba ka gama shari'ar na makon jiya ba."

Na makon jiya fim ɗin ban tsoro ne, sabo.

"Me ya rage?" na ce. "Su a ganinsu tsoro shi ne a yi shiru, sannan a buga maka ƙara a kunne, wani abu mai haƙora ya faɗo daga cikin kabad. Wannan firgita ce. Ko yaro ya fasa leda a bayanki sai kin zabura."

"Ai ka zabura. Har ka taka mini ƙafa."

"Ƙafar ce ta shigo hurumina."

Ta yi dariya. Na sake gaya mata abin da na faɗa a cikin silimar ran nan, da ƙarfi ma, don haushi ya sa na manta da raɗa. Abin tsoro na gaskiya ba ya ihu. Ba ya nuna fuska. Da muryar wanda ka sani yake zuwa, ya zauna kusa da kai, ya yi maka magana mai daɗi.

"To na samurai fa, mayaƙan nan masu takobi? Ai ka ce kiɗansa ya yi."

"Kiɗan ya yi. Sauran fa? A na da, mutum biyu za su tsaya, iska tana kaɗa ciyawa, ba wanda ya motsa har ki manta da numfashi. Sara ɗaya, an gama. Yanzu tashi sama suke kamar zabi, jini na feshi kamar famfo ya fashe. Mutum ya sare ginshiƙin gida da takobi, ya mayar da shi kube ko dakushewa bai yi ba."

"Ji mai maganar takobi. Kai da wuƙar albasa ma sai na wasa maka."

Wani na tatsuniya kuwa da muka kalla, wanda ita ta fi so, na ce dodon nan mai fukafukai ya kai tsawon jirgin ƙasa, ya sauka a kan rufin ciyawa, ko kara ɗaya bai karye ba. Abin da ba shi da nauyi ba ya shiga raina. Ga matsafi mai iya ɗaga dutse da yatsa, amma rabin fim ɗin tafiyar ƙasa yake yana haki.

"Wata rana za a yi wanda zai rufe maka baki," ta ce.

"Ba a haifi mai yin sa ba."

Mun sayi maganin, na sa a aljihun gaba. Hanyar komawa ta gaban silimar ta bi. Mai sayar da tikiti ta hango mu ta tagarta.

"Baba! Mama! Za ku wuce ba gaisuwa? An kawo sabon kaboyi, yanzu za a fara."

Na ce yamma ta yi, gwiwata kuma ba ta son sanyin ruwa. Matata ta matsa hannuna.

"Na daɗe ban ji ƙarar kofato ba," ta ce.

Muka shiga.

A bakin zauren muka tarar da mai shara, wani dattijo sa'ana, yana matse tsumma a bokiti. Ya ce rufi ya yi yoyo, kujerar Mama ta jiƙe sharkaf, sai dai mu matsa ɗaya.

"Ku gaya wa abokin naku ma ya matsa," ya ce.

"Wane aboki?"

"Na bayanku mana. Kullum kuka tashi sai na tarar da kujerar bayan Mama a sauke. Sauran duk sun koma sama, ita kaɗai. Wani sa'in har da ɗumi."

"Ƙarfenta ne ya saki," na ce. "A sa mata mai."

Ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauki bokitinsa ya fita.

Zauren babu kowa sai wasu ma'aurata can gaba, su ma ba su daɗe ba suka tashi. Kujerun irin masu naɗewa ne, in ka tashi sai mazaunin ya koma sama da kansa. Na zaunar da ita a ta biyu, na zauna a ta uku. Ta jikin bangon tana naɗe, ruwa na ɗiga a kanta daga sama. Ɗis. Ɗis. Zauren yana warin jiƙaƙƙen kafet da tsohuwar ƙura. Na yi tunanin ɗora lemar a kan kujerar, sai na ga za ta ƙara jiƙewa, na jingine ta a ƙafata.

Aka kashe fitilu. Na matso da bakina kunnenta na fara aiki.

"Fili ne, babu itace ko ɗaya. Rana tsaka. Mutum ɗaya a kan doki, yana tahowa daga nesa. Hularsa ta rufe masa ido."

"Dokin fa?"

"Baƙi. Ya cika ƙiba, ba dokin tafiya ba ne."

"An fara," ta ce.

Haka muka yi ta yi. Ya shiga gari, an rufe tagogi, wata mata ta janye ɗanta daga hanya. Na faɗa mata duka. Wajen tsakiyar fim ɗin sai tari ya sarƙe ni, irin na sanyin damina. Na juya kaina gefe, na toshe baki da hankici, na yi ta fama. Labarin ya tsaya.

Da tarin ya lafa, sai na lura ɗigar ruwan ta sauya sauti. Da kan katakon kujera take faɗuwa. Yanzu kamar kan tufa.

Sai na ji matata ta yi 'yar dariya.

"Kai, Alƙali," ta ce a hankali. "Ci gaba."

Ban ce komai ba tukuna. Na dube ta a hasken allo. Kanta ya karkata, amma ba wajena ba. Wajen bango.

Kujerar jikin bangon a sauke take.

Babu kowa a kanta. Na duba sosai, ni mai duba abu ne. Ruwan yana zubowa daga rufi, amma ba ya isa mazaunin. A sama yake tsayawa, daidai inda kafaɗar mutum za ta kasance, ya watse.

Wani wari ya taso. Toka ce da aka zuba wa ruwa.

Sannan na ji ana raɗa a kunnenta na hagu.

Kowa ya san yadda muryarsa take baƙunta a kunnensa in an naɗe ta an kunna masa. Wannan ba ta baƙunta ba. Tawa ce sak. Har da ɗan fiton da nake yi tun da haƙorina na gaba ya fita. Har da yadda nake haɗiye miyau kafin dogon zance.

"Ya sauka daga doki," in ji raɗar. "Ga ƙura tana tashi a bayansa. Dubi ƙyallen wuyansa."

"Ja ne," matata ta ce.

Ban gaya mata launinsa ba. Raɗar ma ba ta faɗa ba.

"Ja ne, Alƙali. Wayyo Allah. Ja ne, ina ganin sa."

Idanunta da suka yi shekaru a tsaye wuri ɗaya suna motsi. Dokin ya ratsa allo daga hagu zuwa dama, suka bi shi. Hawaye yana gangarowa har haɓarta, tana murmushi irin wanda na manta tana da shi.

Na buɗe baki in kira ta. Tarin ya tafi da muryata. Iska ce kawai ta fito.

Na kama hannunta na dama. Ta ɗan matsa nawa ba tare da ta juyo ba, kamar yadda ake yi wa yaro mai damu.

"Daga nan ba kya gani sosai," in ji raɗar. "Tashi mu matsa gaba."

Ta tashi. Kujerarta ta koma sama. Ta jikin bangon ma ta koma sama.

Ta bar sandarta a ƙasa.

Matar da ko bakin gado ba ta bari sai ta lalubi bango, ta ratsa ta gabana ba ta taɓa gwiwata ba. Wani sanyi ya bi bayanta, ya shafi fuskata. Ta fita hanyar tsakiya. Hannunta na hagu a ɗage, a lanƙwashe, yana riƙe da gwiwar hannun da babu.

Na miƙe. Gwiwata ta ƙi. Na dafa kujeru ina jan ƙafa.

Na waiga sama wajen 'yar tagar da hasken ke fitowa, ko mai haska fim zai gan mu. Babu kowa. Yanzu na'ura ce ke yin komai, mutum ya kunna ya tafi shan shayi.

A gefen allon akwai wata 'yar ƙofa. Duk shekarun nan a kulle da kwaɗo nake ganin ta, an yi mata fenti ɗaya da bango.

A buɗe take.

Ba duhun ɗaki ne a cikinta ba. Hasken allo yana faɗa wa bango, yana faɗa wa ƙasa, amma a bakin ƙofar yake yankewa. Daga ciki iska take fitowa, mai sanyi, mai warin tokar nan. Can ciki kuma, nesa ƙwarai, kamar mutane da yawa suna gyara zama.

"Kaɗan ya rage," in ji muryata. "A ciki an fi gani. Ba fim kaɗai ba. In nuna miki fuskar jikarki."

Na ji numfashin matata ya tsaya.

Na saki kujerun. Ban san yadda na kai ba. Na dai samu kaina a durƙushe, na riƙe hannunta na dama da hannuwana biyu. Na ja. Aka ja daga ɗaya gefen. Ba da ƙarfi ba. A hankali, irin jan wanda ba ya sauri.

Addu'ar da aka koya mana muna yara ta zo bakina, amma babu muryar yin ta.

"Tsohuwa," na samu na ce. Da ƙyar ta fita, kamar takarda ta yage.

"Tsohuwa," in ji ɗayan, a tare da ni.

Ta tsaya cak.

"Ni ne," na ce.

"Ni ne."

"Ki dube ni!"

"Ki dube ni."

Ta juyo wajena. Idanunta suka wuce ta kaina, ba su same ni ba. Abin da aka raɗa mata kaɗai take gani.

"Kada ki saurare shi," na ce.

"Kada ki saurare shi."

Yatsun ƙafarta suna dab da inda hasken ya yanke.

"Ku yi shiru," ta ce. "Ku duka."

Muka yi shiru. A allo ana ta harbi, ƙarar kamar daga wata unguwa.

Ta yi tambayar da ta saba yi mini a bakin ƙofar fita, tun muna da ƙuruciya.

"Alƙali. Yaya ka ga fim ɗin?"

Wannan karon ɗayan bai jira ni ba.

"Ya yi kyau, Tsohuwa," ya ce, da taushi. "Ban taɓa ganin kamarsa ba. Komai ya yi. Zo ki ga sauran."

Ni kuwa kaina babu komai. Na ɗaga ido wajen allon, don ban san inda zan kalla ba. Ga mutumin nan, ƙato a samana, ya fito daga kogi yana jan dokinsa.

Idon maɗaba'a bai san tsoro ba. Shi ya yi aikinsa.

"Hularsa," na ce. "Yanzun nan ta faɗa ruwa. Ga ta a kansa a bushe."

Ɗayan bai maimaita ba.

"Dokin kuma tun safe yake gudu, ko gumi babu. Wa suke so su raina wa hankali?"

Wani sauti ya fito daga ƙirjinta, ban san ko dariya ba ce ko kuka.

Ta fizge hannunta na hagu.

Na ga lokacin da abin ya tafi daga idanunta. Suna motsi, sai suka tsaya. Kamar an hure fitila.

"Duhu ya dawo," ta ce. "Tashi. Fitar da ni."

Ita ta ɗaga ni. Muka juya. Hanyar tsakiyar ta yi tsawo.

A bayanmu kujerar farko ta sauka. Ƙwas.

Ta kusa da ita. Ƙwas.

Layi bayan layi, hagu da dama, suna biyo mu.

"Kada ka daina magana," ta ce. "Yi ta kushewa, in san kai ne."

Na yi ta yi. Na ce matar da ke gidan gona ta yi kwalliya kamar mai zuwa biki. Na ce haƙoran ɓarayin sun fi na likita fari. Na ce inuwar mutum tana gabas, ta dokinsa tana yamma. Muryata tana karyewa ina ɗaurawa.

Sanyin ya iso wuyana. Dab da kunnena, da muryata, aka ce:

"Ai kai ka faɗi yadda abin tsoro na gaskiya yake zuwa."

Na daki ƙofar da kafaɗa.

Waje magariba ta yi. Motoci na watsa ruwan kwata, mai gasa nama yana hura wuta, wani yana zagin direba. Mai tikiti ta leƙo.

"Baba, ba a gama ba fa! Ina sandar Mama?"

Muka wuce. Lemar ma a can na bar ta.

A gida na zaunar da ita a bakin gado, na ɗiga mata maganin. Rabi ya bi kumatunta. Ta bar ni na goge.

"Ya fi ka iya ba da labari," ta ce daga baya.

"Na ji."

"Na manta yadda ja yake, Alƙali. Na ɗauka ina tune da shi, ashe ba shi ba ne." Ta juya fuskarta wajen bango. "Da na ƙara taku ɗaya da na ga yarinyar nan."

Idan 'yarmu ta kawo jikar, kakar takan daɗe tana shafa fuskarta fiye da da, ni kuma sai in fita tsakar gida in nemi abin gyarawa.

Ba mu sake komawa silimar ba. Na tura gadon ya manne da bango ta gefen hagunta. Da yamma takan cusa auduga a kunnen, ko da yake wani lokacin nakan tsinci audugar a ƙasa, kuma ba na tambaya.

Na ɗauka an gama. Sai wata yamma da na dawo daga kemis, na sa hannu zan ƙwanƙwasa, na ji ana magana a ɗakinmu. Ni ne nake magana. Ina mita a kan hular da ta faɗa ruwa ta fito a bushe, da dokin da ba ya gumi. Har da fiton haƙorin.

Na ji matata ta ce, a natse, "Wannan na ji shi. Kawo sabo."

Sabon bai zo ba.

Da ta buɗe mini, ɗakin yana warin jiƙaƙƙiyar toka.

A nan muka gane iyakarsa. Ya koyi kushe, amma sai wanda ya riga ya ji daga bakina. Nasa ba ya iya ƙirƙirowa, shi komai kyau yake yi masa. Tun ran nan, in na fita na dawo, ba ta zare sakata sai ta tambaye ni ta bayan ƙofa, ni kuma sai na kawo aibin da ban taɓa faɗa ba.

Shi ya sa kullum da rana za ka same ni a shagon mai gyaran talabijin na bakin layi, a kan benci, ina kallon duk abin da ya sa. Na ban tsoro, na kaboyi, na dodanni, ba na zaɓe. Masu zaman shagon suna cewa tsohon nan ya cika ɗaci, ba abin da ke burge shi. Nakan bar su.

Shekaranjiya ya sa wani sabon fim na samurai. Wani tsohon mayaƙi ne da ya ajiye takobi yana kula da matarsa marar lafiya. Babu tashi sama. Iska ta kaɗa ciyawa, mutum biyu suka tsaya, har na manta da numfashi. Na zuba ido tun daga farko har sunayen ƙarshe suka gama wucewa. Na duba inuwa, na duba tufafi, na duba bakin takobin bayan saran. Ya dakushe.

Na taho gida rana tana faɗuwa. Na ƙwanƙwasa.

"Yaya ka ga fim ɗin?" ta ce daga ciki.

Maganar ta zo har kan harshena. Kalma uku ce, "ya yi kyau", na san kuma wanda ya saba faɗin su. Na haɗiye.

Na daɗe a tsaye. Ina jin numfashinta a bayan katako.

"Bencin mai gyaran nan," na ce, "ƙusa ta fito masa. Ta yaga mini wando."

Sakatar ta daɗe kafin ta motsa. Ta buɗe kaɗan, ta miƙo hannu ta shafa goshina, da hancina, da gurbin haƙorin. Sannan ta matsa na shiga.

"Wannan aibin benci ne," ta ce. "Gobe na fim nake so."

Jiya na roƙi mai gyaran ya sake sa mini shi, na kalla har ƙarshe, na dawo da aibin wani tsohon kaboyi da na ɓoye saboda irin wannan rana. Yau ma zan koma. Akwai wani wuri wajen tsakiya, inda matar take zuba masa ruwan zafi a kofi. Ina jin kamar tururin bai tashi daidai ba.